Wai an samu maganin emasi, wato sikila. To mu a Damagaram fa?

Ƙanwata ce ta turo min bidiyon a WhatsApp wajen ƙarfe ɗaya na dare, ko sallama babu, layi ɗaya kawai ta rubuta: "Yaya dan Allah duba min wannan, gaskiya ne?" Wani ne a cikin bidiyon yake ta zuba da zumuɗi wai turawa sun gano maganin sikila, shikenan an gama, daga yau babu sauran emasi a duniya. Na san abin da ya hana ta barci. Ɗiyarta ta biyu, 'yar shekara bakwai, tun magariba take murƙususu, ƙafa da baya da haƙarƙari, don hunturu ya shigo kuma duk wanda yake da mai amosanin jini a gida ya san me watan sanyi ke nufi, gasa jiki da ruwan ɗumi, bargo kan bargo, neman kabu-kabu cikin dare daga Garin Malam zuwa asibiti, da wannan kukan da yaro ke yi wanda in ka ji shi sau ɗaya ba ka ƙara mantawa. Na riƙe wayar na rasa amsar da za ta shiga layi ɗaya, shi ya sa nake wannan rubutun.

Eh, an samu. A Nuwamban 2023 Ingila ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka ta biyo baya ran 8 ga Disamba na shekarar, kuma shi ne magani na farko a duniya da aka yarda da shi wanda aka yi ta hanyar gyara rubutun gado da ke cikin ƙwayar halittar mutum da almakashin da ake kira Kirisfa. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara cur ciwon bai tashi musu mai tsanani ba. Wata mata 'yar Misisifi, Victoria Gray, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa a Yulin 2019, matar da ta saba kwanciya asibiti sau da yawa a shekara, yau tana yawo ƙasa ƙasa tana ba da labarinta. Duk wannan gaskiya ne. Abin da mai bidiyon ya tsallake shi ne kuɗin: dalar Amurka miliyan 2.2 wa mutum ɗaya. Dalar Amurka fa na ce, ba dalarmu ta tamma biyar ba. In ka juya ta a sefa ta haura miliyar ɗaya, kuma kuɗin maganin ne kaɗai, ban da gado ban da jinya. Akwai na biyu ma da aka amince da shi rana ɗaya, Lyfgenia, shi miliyan 3.1.

Bari in ɗan koma baya don wanda bai yi wannan karatun ba, ni ma ba likita ba ne, larurar gida ce ta sa na zama ɗalibi. Jikin mutum gini ne na ƙananan tubala da ido ba ya gani, su ake ce wa ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kusan kowace akwai kundin umarni, wanda 'yan lakwal ke cewa ADN 'yan Najeriya su ce DNA. Haruffa huɗu ne kacal, A, C, G da T, ake ta maimaitawa har wajen miliyar 3, kuma kowa kofi biyu gare shi, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. To duk wannan azabar ta emasi harafi ɗaya ne. Ɗaya. Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san in ɗigo ya tashi daga ƙasa ya koma sama, ba ta zama nun, ma'ana ta sauya. Haka abin yake, a wurin da aka rubuta yadda za a gina hemogulobin, wato abin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, A ta koma T. In yaro ya gaji wannan harafin ta uwa da uba duka biyu, wanda ake kira SS, to duk sanda iskar ta yi ƙasa a jini sai hemogulobin ɗin ya dunƙule ya miƙe kamar sanduna, ƙwayar da ya kamata ta zama zagayayyiya mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri ta toshe ƙananan jijiyoyi, nan ne ciwon ƙashin ke fitowa. Lafiyayyar ƙwayar jini tana kwana 120, ta mai emasi kwana 10 zuwa 20 ta fashe, shi ya sa kullum jini bai isa ba, ido ya yi ɗorawa a ce shawara ce a yi ta ɗura wa yaro saƙe-saƙi, saifa ta kumbura daga baya ta mutu a tsaye.

Abin da ke ci min rai, wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya bayyana ƙwayoyin masu kama da lauje a jinin wani ɗalibi baƙar fata. A 1949 Linus Pauling ya nuna matsalar a cikin hemogulobin take, a 1956 Vernon Ingram a Ingila ya nuna daidai gurbin da aka samu sauyin. Ita ce cutar farko a tarihi da aka fahimta har can ƙasan tushenta. Shekara saba'in kenan, amma har gobe a Mirriya ko Magariya ko nan cikin Birni mace za ta binne yara uku a jere a sa mata suna mai wabi, a ce mayu, a ce iska, a ce kishiya ce ta yi mata, a huda kunnen na huɗu ko a yi masa tsaga don wai ya zauna.

Kuma ba la'ana ba ce ta sa abin ya yi mana yawa, sauro ne. A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna masu harafin guda ɗaya, wato AS (A na lafiyayyen hemogulobin, S na sikila), sun fi tsira daga palu, zazzaɓin cizon sauro, mai tsanani. Kaga kakanninmu masu AS sun rayu sun hayayyafa a ƙasar da masassara ke kwashe yara duk damina, garkuwa ce suka bar mana amma mai kaifi biyu. Shi ya sa a Nijar ƙiyasin da aka saba ambatowa kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da harafin, a Najeriya ana haihuwar yara wajen 150,000 da cutar duk shekara, a duniya kuma an ƙiyasta jarirai 515,000 a 2021, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya a saurara, don nan ne duk maganata ta rataya. Tambayi kowace uwar mai emasi, za ta ce maka ai da aka haife shi lafiya lau, ɓul-ɓul, sai da ya kai wata biyar wata shida hannu da ƙafa suka fara kumbura. Uwayenmu sun lura da wannan tun kafin a rubuta shi. Wata likitar yara a Brooklyn, Janet Watson, ita ma ta lura a 1948, ta ce dalilin shi ne jariri da wani irin hemogulobin na daban ake haihuwarsa, na zaman ciki, kuma shi wannan ba ya dunƙulewa, hasali ma yana hana na laujen dunƙulewa. Bayan haihuwa sai jiki ya kashe na jarirai a hankali ya kunna na manya, a nan ne ciwo ke sallama. Sai kuma aka lura akwai mutanen da nasu na jarirai ba ya mutuwa duka, kamar masu sikila na gabashin Saudiyya, ciwon ya fi zo musu da sauƙi. Tambayar da masana suka yi shekaru suna bi ita ce, ina makunnin yake? Wa ke kashe fitilar? Sai a 2007 da 2008 da aka samu damar kwatanta rubutun gadon dubban mutane a lokaci ɗaya aka cafke shi, wani gurbi mai suna BCL11A, su Stuart Orkin a Boston suka tabbatar shi ne mai kashewar.

Shi kuma almakashin, labarinsa har dariya yake ba ni, don kusan a ƙwaryar nono aka tsinto shi. Ƙananan halittun nan da ke sa madara ta yi tsami ta zama kindirmo su ma suna da nasu maƙiyan, ƙwayoyin cuta masu kai musu hari, kuma a 2007 masu bincike na wani kamfanin da ke sayar da irin haɗa yawur suka nuna cewa halittun suna ajiye guntun rubutun maƙiyin, in ya dawo su gane shi su datse shi. A 2012 mata biyu, Jennifer Doudna 'yar Amurka da Emmanuelle Charpentier 'yar Faransa, suka nuna za a iya ba almakashin nan adireshin da aka ga dama ya je ya yanka daidai wurin, a 2020 aka ba su kyautar Nobel. To abin da mutane da yawa ba su sani ba, Casgevy ba ya gyara harafin sikilar ko kaɗan, yana nan daram. Makunnin nan ake zuwa a lalata, jinin jarirai ya dawo. Mutum ɗan shekara 30 ya koma yana yin irin jinin da ya yi a cikin uwarsa. Wallahi abin akwai ban mamaki, ni dai ban iya karanta shi ban ce Allahu akbar ba.

Amma ba allura ba ce da za a yi maka ka hau babur ka koma gida. Sai an yi watanni ana ƙara maka jini, a ɗebo uwayen ƙwayoyin jini da ke fitowa daga ɓargo, wani lokaci sau biyu sau uku kafin su isa, a aika su wani ɗakin bincike a gyara, sannan a ba ka magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji da zai share tsohon ɓargon ƙaf, gashi ya zube baki ya yi gyambo, a mayar maka da gyararrun, ka yi makonni a ɗakin da ko ƙura ba a so ta shiga don ba ka da garkuwa, kuma akwai babban haɗarin mutum ya rasa haihuwa har abada. Yanzu ka ɗora wannan a kan garin da in za a ƙara wa yaro jini sai an bi dangi ɗaya bayan ɗaya ana roƙon wanda zai bayar, garin da kuran ke ɗaukewa a tsakiyar zafi, garin da in rani ya yi nisa bidon ɗin ruwa wajen 'yan garuwa ke zama abin faɗa. Ko a Amurkar ma kaɗan ne suka samu zuwa yanzu. Sannan da aka amince da shi, daga shekara 12 zuwa sama aka ce. Mu kuma ƙiyasin masana ya nuna a Afirka inda babu kulawa, rabi ko fiye na yaran nan ba sa kai shekara 5. Wa zai kai sha biyun?

A fada da na kawo zancen, shayi bai ko nuna ba wani ya ce ai wannan canza halittar Allah ne. Ban raina tambayar ba. Amma a bambanta abu biyu. Gyara ƙwayoyin jinin mara lafiya da yardarsa, wanda gyaran a jikinsa zai tsaya ba zai wuce ga 'ya'yansa ba, ni ban ga bambancinsa da ƙarin jini ko yanke ƙaba ba, kuma mun san Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ɗayan shi ne taɓa ɗan tayi tun kafin ya zama mutum, gyaran ya bi zuri'a, wannan wani ɗan Sin mai suna He Jiankui ya yi shi a 2018 a kan tagwaye, masanan duniya suka yi masa ca, ƙasarsa ta ɗaure shi shekara 3. Hukuncin kam na malamai ne, amma su ma a ba su bayanin daidai kafin su yi fatawa. Kuma a lura, wanda aka yi wa Casgevy ya warke, har yanzu harafin S zai ba ɗansa. Ko da kowa ya samu kuɗin, gwajin jini kafin aure bai tashi aiki ba.

To ga abin da ya sa nake ganin bidiyon ƙanwata ya fi cutarwa da amfani. Yana sa mu ɗaga kai muna kallon jirgin sama alhali jakin da zai kai mu yana ɗaure a ƙofar gida. Wannan ƙofar ta jinin jarirai da almakashin miliyar ɗaya ke buɗewa, akwai tsohuwar ƙwayar magani da ke tura ta, ba ta buɗe ta duka amma tana buɗewa sosai. Haidroksiyuriya sunanta, a farmasi an fi saninta da Hydrea, sau ɗaya ake sha a rana, tun 1998 Amurka ta amince da ita wa masu sikila, kuma tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. An daɗe ana cewa ai a Afirka ba za ta yiwu ba, ga palu ga tamowa, za ta rage wa yara garkuwa. Sai aka gwada, yara wajen 600 a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, sakamakon ya fito a 2019: tashin ciwo ya ragu da fiye da rabi, ƙarin jini ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku, mutuwa ta ragu sosai, palu ɗin ma da ake tsoro sai ya ragu da kusan rabi. Kuma ba sai mun je nesa ba, a Kano da Kaduna likitoci sun yi bincike kan yara 220 da na'urar duba jijiyoyin kai ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka sa su kan maganin, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo ma yana kare su. Kano fa, kilomita 240 da 'yan kai daga nan, yara masu cin tuwonmu masu shan irin sauronmu.

To me ya hana? Ranar da likita ya rubuta wa ɗiyar ƙanwata shi, farmasi huɗu muka zaga kafin mu samu, wanda ke da shi kuma kwali biyu ya rage masa, ya ce ba ya yawan kawowa don ba a tambaya. Ba a tambaya don ba a rubutawa, ba a rubutawa don sai ana auna jinin yaron lokaci lokaci kuma kowane analiz kuɗi ne, iyaye kuma in suka karanta takardar cikin kwalin suka ga an ambaci ciwon daji sai gaba ya faɗi, wata gwaggo ta ce a bari. Da gaske ne asalinsa maganin wasu cututtukan jini da daji ne, kuma ba a shan shi da ka, sai likita na bi, mai ciki ko mai neman ciki ma sai ta yi shawara. Amma kullum ne fa, wata bayan wata, shekara bayan shekara, ga magidancin da ke lissafin tiyar hatsi. Tun 2006 ƙasar nan ta ce kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, to emasi ba ta san yaro ya cika biyar ba. Akwai cibiyar ƙasa ta masu cutar a Yamai, madalla, amma Yamai kilomita wajen 900 ce, yini guda cur a cikin kar da yaron da ko zama ba ya iya yi. Ni a ganina in gwamnati za ta yi abu ɗaya tak, ta sayo maganin nan da yawa a farashin sari ta ajiye shi a asibitocin jiha da na gundumomi kamar yadda aka yi da maganin tarin fuka da na sida, a koya wa ma'aikatan jinya yadda ake bin awon. Kuɗin mutum ɗaya na Casgevy zai riƙe yara dubbai shekara guda.

Kafin magani ma sai an san yaron. Yawancin namu sai ciwo ya kayar da su sau uku sau huɗu ake ganewa, wasu kuma zazzaɓi ɗaya ke tafiya da su ba a taɓa sanin me ke gare su ba, don saifar da ta lalace ba ta iya tare ƙwayoyin cuta. Tun 1986 bincike a Amurka ya nuna penisilin, wannan dai penisilin ɗin mai arha, in ana ba jariri mai sikila kullum yana rage mugun ciwon da ke shiga jini da kashi 84 cikin 100. A Kumasi ta Gana tun 1995 suke gwada jarirai. Yanzu kuma akwai 'yan kayan gwaji irin na palu, ɗigon jini daga diddige, minti goma sha wani abu ka ga AA ne ko AS ko SS ko SC, ba kuran ba firigo. Me zai hana a haɗa shi da allurar BCG ta farko, tunda uwa ta riga ta zo? Muna da babban asibitin ƙasa, muna da cibiyar uwa da yaro, muna da Jami'ar André Salifou da ɗaliban likitanci da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu. Rajista kawai ta yaran emasi na jihar Damagaram, su nawa ne, ina suke, me ke kashe su, wannan kaɗai bincike ne da duniya za ta karanta.

A kula kuma da wane gwaji aka yi. Wanda aka saba yi mai arha, gwajin Emel, yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin C sam, wani sauyin hemogulobin ne daban da in ya haɗu da S shi ma yake kawo ciwon, alhali C ɗin akwai shi a yankinmu, ya fi yawa ta wajen Burkina da arewacin Gana. Mutum zai karɓi takarda an rubuta babu, ya auri mai AS, su haifi SC suna mamaki. Elektroforez ake nema, gwajin da ke bambanta su duka, a riƙe sunan.

Wannan ya kawo ni kan aure, inda na san za a zage ni ta ɓangare biyu. A 2024 jihar Kano ta sa dokar gwaji kafin ɗaurin aure, har da na harafin sikilar nan, kuma na ji masu cewa mu ma a yi. Gwajin ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Lokacinsa ne matsalata. In ka bari sai an kai goro an sa rana an ɗinka anko sannan ka ce a je a auna, wallahi takardar boge ka buɗe wa kasuwa, don babu uban da zai so a ce an fasa auren ɗiyarsa saura sati biyu, kuma a garin nan in aka fasa ba a cewa jininsu bai haɗu ba, cewa ake yarinyar ce ke da ciwo, shikenan an rufe mata ƙofa ita da ƙannenta. Alhali mai AS lafiyarta lau, ta auri AA ba za su taɓa haifar SS ba. A auna yara tun suna makaranta, boko da allo, kowa ya tashi ya san nasa kamar yadda ya san sunan kakansa, tun zance bai yi nisa ba. Kuma dan Allah a daina lissafin nan na wai ɗa na huɗu ne ke fitowa da ciwon. AS da AS, kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, 1 cikin 4, cikin baya bai san me na gaba zai zo da shi ba, za ka iya haifar shida lafiya, za ka iya haifar uku a jere masu ciwo. Auren zumunci kuwa ba shi ke ƙirƙirar harafin ba, amma in yana cikin gida to 'yan uwa biyu sun fi yiwuwar haɗuwa a kansa, nan gwajin ya fi zama dole. Su kuma maza masu cewa "a danginmu babu wannan", ku yi haƙuri, babu yaron da ke zama SS da harafin uwa kaɗai. Rabin naka ne malam.

Akwai wani ɓangaren binciken da ya shafe mu wanda ba a cika zancensa ba. Afirka ta fi kowace nahiya bambance-bambancen rubutun gado, don nan ɗan Adam ya fi daɗewa, amma a manyan binciken kwatanta gadon mutane, lissafin da aka yi a 2019 ya nuna kusan kashi 78 turawa ne, 'yan asalin Afirka wajen kashi 2. Da shirin binciken gadon 'yan Afirka mai suna H3Africa ya karanta na mutum 426 kacal daga ƙabilu 50 a ƙasashe 13, a 2020, sai ga sabbin bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa gani ba. Maganin rage kitsen jini na zamani da attajiran duniya ke yi wa allura yau, daga cikin abin da ya buɗe hanyarsa har da wani sauyi da aka gano a jinin baƙaƙen fata na Dallas a 2005. Wani masani ɗan Kamaru, Ambroise Wonkam, ya yi kira a 2021 a karanta na 'yan Afirka miliyan 3. Wa ya san makunni na biyu da na uku ba a jinin wani Bafulatani na Tanut ko Babarbare na Gure suke ba, ko wata tsohuwa mai SS da ta kai shekara 60 ba wanda ya san dalili? Na san abin da ke ran mutane, ba a manta gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau ba, kuma tsoron yana da tushe. Amma gudun binciken ba zai kare mu ba, sai dai a yi magunguna a kan awon jikin wasu a kawo mana. A shiga da sharaɗi: bayani da Hausa ba takardar Faransanci a ce dangwala ba, likitocinmu a cikin masu binciken ba masu ɗibar jini kawai ba, kuma a rubuta tun farko me garin zai samu.

Ban ce a cire rai da almakashin ba. Tun 2019 cibiyar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Gates suka yi alƙawarin dala miliyan 200 kan sikila da sida don neman hanyar da za a yi gyaran a cikin jiki kai tsaye, ba sai an fitar da ɓargo ba, da Afirka a ransu, kuma a 2025 a Filadelfiya an yi wa wani jariri mai wata cutar hanta gyaran harafi ɗaya ta hanyar ƙarin ruwa kawai. Maganin sida ma da ya fito sama da dala 10,000 ne a shekara, yau a ƙasashe irin namu bai kai 100 ba. Sai dai ɓargo ya fi hanta wuyar kaiwa, kuma sabon abu ba kullum yake zama alheri ba, wani sabon maganin sikila mai suna Oxbryta da aka yi ta murna da shi, a Satumban 2024 kamfanin ya janye shi daga kasuwa saboda haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa.

Da asuba na kira ƙanwar tawa maimakon rubutu. Na ce mata gaskiya ne amma ba namu ba ne tukuna, ta yi shiru, sai ta ce "to Yaya na kwalin nan saura kwana tara." Yarinyar ta samu barci wajen ƙarfe huɗu. Mijin kuma, wanda shekara bakwai yana cewa daga wajen uwarta ne, ya yarda zai je a yi masa elektroforez ran Litinin, da sharaɗin kar a gaya wa innarsa. Ƙaramin nasu ɗan wata uku ne, ɓul-ɓul da shi, shi ma za a tafi da shi.